Karsanar da ta shigo gona, da san da aka saya a kasuwa: me doka ta ce?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel. Da kakar da ta wuce wata karsana ta kwana a gonata ta cinye mini wake, da asuba na same ta na jawo ta gida na ɗaure. Na sa an yi cigiya a masallacin Juma'a sau biyu, shiru. Yau wata huɗu ke nan ina ba ta dusa da harawa, ashe ma da ciki ta zo, har ta haihu a hannuna. Wasu sun ce in sayar in fanshe wakena da abin da na kashe, wasu sun ce ƙila ta sata ce ta kuɓuce wa ɓarayi, zan jawo wa kaina. Ana cikin haka kuma ƙanina ya sayi san huɗa a kasuwa, bayan sati uku wani Bafulatani ya zo da 'yan sanda ya ce nasa ne da aka sace, an tafi da san. Me doka ta ce a kan waɗannan biyun?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri a kan waken. Kai a biyu ka lissafa tambayarka, amma idan aka zo gaban alƙali uku za ta zama: matsayin dabbar da ke ɗaure a turkenka, haƙƙinka na waken da ta ci, sai maganar san ƙaninka. Kowacce da hukuncinta, kuma yawancin mutanen da na ga sun shiga uku a irin wannan lamari, haɗa ta farko da ta biyu ne ya kai su. Mutum ya ga an yi masa ɓarna, ya ga dabba a hannunsa, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan ta biya wancan.

Tun kafin mu yi nisa, kada ka sayar da ita. Kada ka yanka, kada ka ba wani kiwo a wani gari, kada kuma ka raba ta da ɗan maraƙin. Amana ce a hannunka. Yadda ta shigo hannunka ba laifi ba ne, abin da za ka yi da ita daga yanzu shi zai nuna ko kai mai tsintuwa ne ko mai cin dukiyar wani.

A jiharku ta Jigawa, kamar sauran jihohin Arewa masu kotunan shari'a, dokoki ne suka haɗu a kan dabba guda. Akwai fiƙihun Malikiyya wanda alƙalai ke hukunci da shi tsakanin Musulmi, daga littattafan Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa. Akwai kundin laifuffuka na Final Kod da aka yi wa Jihar Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960, wanda 'yan sanda da kotun majistare ke riƙe da shi. Sannan akwai al'adar gari, wato hannun mai unguwa da dagaci da hakimi da arɗo, wadda ita ce ke kashe mafi yawan irin wannan wuta tun kafin ta kai kotu. Abin daɗin shi ne a kan ɓatacciyar dabba bakinsu kusan ɗaya ne.

Ɓatacciyar dabba a fiƙihu

Tushen babin hadisin Zaidu ɗan Khalid Aljuhani ne, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. An tambayi Manzon Allah (SAW) game da tsintuwa, ya ce a gane jakarta da maɗaurinta, a yi cigiya shekara guda. Aka tambaye shi ɓatacciyar akuya ko tunkiya, ya ce taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kerkeci. Da aka zo kan raƙumi sai ya ce ina ruwanka da shi, yana tare da salkarsa da takalminsa, zai je ruwa ya ci itace har mai shi ya same shi. Hikimar a fili take: dabbar da za ta iya kare kanta a bar ta inda mai ita zai nemo ta, wadda za ta halaka a ɗauke ta.

Mutanenmu sun riƙe "taka ce" sun mance da sharaɗinsa. Risala ta ɗaure halascin cin akuyar da cewa an same ta a dokar daji inda babu mazauna. Wadda aka tsinta a gefen gari, ko aka koro ta da rai har cikin gari, cigiyarta ake yi kamar kowace tsintuwa. Saniya kuwa Halil ya sa ta a tsakiya: idan tana wurin da ake jin tsoron halakarta, hukuncin akuya take ɗauka, idan tana cikin aminci a bar ta kamar raƙumi. Ko raƙumin ma zamani ya taɓa hukuncinsa. Imamu Malik ya ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar ɓatattun raƙuma sakinsu ake yi suna ta haihuwa ba mai taɓa su, da aka zo zamanin Sayyidina Usman sai ya sa a riƙa cigiyarsu, sannan a sayar a ajiye kuɗin, in mai su ya zo a ba shi. Ka lura da wanda ya ba da umarnin sayarwar: shugaba ne, ba wanda ya tsinta ba. Wannan ita ce hanyar da alƙalanmu ke bi har yau.

Don haka kama ta da ka yi daidai ne. A wannan zamani saniyar da aka bari tana gararamba ba ta kwana biyu ba ta faɗa hannun da bai dace ba. Inda aikinka ya gaza shi ne cigiya. Sanarwa biyu a wata huɗu ba ta kai abin da malamai suka shar'anta ba. Halil ya ce a yi ta a wuraren da ake zaton mai abu zai nema, kamar ƙofar masallaci, duk bayan kwana biyu ko uku, in kuma tsakanin garuruwa biyu aka tsinta a yi a duka biyun. A ƙofa aka ce, domin an hana cigiyar ɓataccen abu a cikin masallaci. To ina makiyayi zai nemi saniyarsa? Da wuya ya zo masallacin ƙauyenku. Kara zai je, da mashaya, da wurin arɗo. Kai da ke ƙasar Gumel, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana kusa da kai, kuma babu labarin saniyar da zai shiga kunnen dillalan wannan kasuwa bai tsallaka har Nijar ba. Akwai kuma hadisi a Muslim mai tsoratarwa: wanda ya ajiye ɓatacciyar dabba ɓatacce ne matuƙar bai yi cigiyarta ba.

Wajen cigiyar kada ka zayyana kamanninta. Ka ce an tsinci dabba a wuri kaza, a wata kaza, mai ita ya zo da siffa. Idan ka ce farar karsana mai baƙin kunne da yanka biyu a kunnen dama, ka ba maƙaryaci amsar jarrabawa.

Ɗan maraƙin na mai uwar ne a mazhabarmu. Nonon da ka tatsa, idan bai cutar da ɗan ba, ba za a bi ka bashinsa ba. Abin da ka kashe na ciyarwa kuma bai faɗi ƙasa banza ba: ranar da mai ita ya bayyana, zaɓi biyu gare shi, ko ya biya ka ya karɓi abarsa, ko ya bar maka ita a madadin ciyarwar. Abin da ba ka da shi shi ne ka yanka masa farashi na daban ka ce sai ya biya ladan tsintuwa. Idan shi da bakinsa ya yi alkawarin tukuici ga wanda ya gano masa, wannan halas ne, ka karɓa.

Final Kod ma ga abin da ta ce. Sashe na 308 shi ke magana a kan mai da dukiyar wani taka da rashin gaskiya, na 309 ya yanka ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Wanda ya tsinci abu ya ɗauka don ya adana wa mai shi bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne ranar da ya mai da shi nasa alhali ya san mai shi, ko yana da hanyar saninsa, ko bai yi ƙoƙarin da ya kamata ba wajen nema da jira. Sayar da ita a ɓoye, ko sa mata shaidarka, shi ne irin abin da mai gabatar da ƙara ke nema. Lambobin sassan da nake kawowa na tsohon kundin ne, jihohi da dama sun sabunta nasu lambobin sun motsa, amma laifuffukan suna nan.

Waken da ta ci

Wannan haƙƙi ne mai zaman kansa, kuma yana da ƙarfi, tunda ka ce kwana ta yi a gonar. Alƙur'ani ya kawo shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan tumakin da suka yi kiwon dare a shukar mutane, a Suratul Anbiya'i aya ta 78 da 79. Sannan taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobi. Halil ya ƙara da cewa mai dabba zai biya ɓarnar dare ko da ta fi kuɗin dabbar.

Wasu makiyaya sun haddace rabin hukuncin, sai ka ji suna cewa ɓarnar rana ba ta da ramuwa. Ba haka kawai aka sake shi ba. Ana ɗauke ramuwar rana ne idan babu makiyayi tare da dabbobin kuma an sake su nesa da gonaki. Idan yaro yana tsaye da sandarsa shanu suka afka gona, ko aka sake su a bakin shuka, akwai biya. A kotun da ke bin dokar da muka gada daga Ingila kuwa babu ma wannan rabo na dare da rana: dabbarka ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, ka biya. Wannan dokar ta yarda mai gona ya tsare dabbar har a biya shi, da sharaɗin ya ciyar da ita, ba zai sayar ba, ba zai sa ta aiki ba.

Matsalarka a nan hujja ce. Wata huɗu sun wuce, an share gona, wa zai faɗi yawan waken? Abin da ake yi tun a ranar shi ne a kira mai unguwa da dattawa biyu, in da hali da malamin gona da wakilin Fulani, su taka gonar su ƙiyasta, a ɗauki hoto da waya, a rubuta a sa hannu. Idan amfanin bai nuna ba, fiƙihu ya ce a yi masa ƙima tsakanin fata da tsoro, wato ba a biyan ka kamar ka riga ka kai buhu gida, ba a kuma biyan ka kuɗin ganye. Idan akwai waɗanda suka ga gonar da safiyar nan, ka neme su yanzu tun suna tuna abin da suka gani, ku je gaban dagaci a rubuta. Ka kuma faɗi gaskiyar abin da karsana ɗaya za ta iya ci a dare ɗaya. Na sha ganin manomi mai gaskiya ya rasa tausayin alƙali saboda ya ce saniya guda ta cinye masa buhu goma.

Wani abu kuma da zafin rai ke jawowa: sara, ko guba, ko karya ƙafar dabbar da aka kama a gona. Laifin ɓarna ne a sashe na 326 da waɗanda ke biye da shi, kuma kashe ko nakasa saniya hukuncinsa ya fi na ɓarnar kaya nauyi. Mai gona ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara, sau da yawa kuma daga nan ne rigimar ƙauye da ruga ke tashi.

Abin da za ka yi a wannan satin

Ka tafi wurin mai unguwa ya raka ka wurin dagaci, a rubuta ranar da ka same ta da inda ka same ta da haihuwar da ta yi. Daga nan a sanar da hakimi, a kai rahoto caji ofis mafi kusa, ka tabbatar an shigar da shi a littafi ka riƙe lambar shigarwar. Na san abin da ke ranka, tsoron kada ka kai kanka. Amma wanda ya zo da ƙafarsa tare da mai unguwa, matsayinsa daban ne da wanda aka zo aka tarar da saniya a bayan ɗakinsa. Masu cewa ƙila ta sata ce ba su yi ƙarya ba, ɓarayi kan yar da mai ciki ko gurguwa idan ta hana su sauri. Idan haka ne, takardar nan ita ce garkuwarka. A aika wa arɗo da shugabannin Miyetti Allah na ƙaramar hukuma da sarkin kara. Jihar Jigawa tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya, ita ma ƙofa ce. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanon dusa da damin harawa da kuɗin allura, kowanne da ranarsa.

Idan ciyarwar ta fi ƙarfinka, ba dole ne ka yi ta ɗauka har shekara ba. Ka shigar da buƙata a kotun shari'a, alƙali yana da ikon ya sa a damƙa ta ga wani amintacce, ko a yi gwanjonta a bainar jama'a, a fitar maka da abin da ka tabbatar, a ajiye saura da sunan mai ita. Kuɗin da zai shigo hannunka ta wannan hanya babu mai bin ka shi gobe. Idan ka zaɓi riƙewa har shekara ta cika ba wanda ya zo, malamai sun ba ka zaɓin ci gaba da ajiya, ko sadaka da niyyar mai ita, ko amfani da ita, amma a biyun ƙarshe lamuni yana wuyanka duk ranar da ya bayyana. Shi ya sa ni nake fifita hanyar alƙali a kan dabba mai tsada irin saniya.

San ƙaninka

Tambayoyi biyu ne a nan. Shin ƙaninka ya yi laifi? Kuma san na wa ne?

Sayen kayan sata ba ya zama laifi sai da sani, ko da dalilin da zai sa mai hankali ya yi zargi. Sashe na 317 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai karɓar kayan sata da rashin gaskiya, alhali ita kanta satar a sashe na 287 shekara 5 ce iyakarta. Da gangan aka yi haka, don ba don mai saye ba da ɓarawon shanu bai samu inda zai kai su ba. Kuma Dokar Shaida ta 2011, sashe na 167, ta ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kaya jim kaɗan bayan sace su a matsayin ɓarawon ko mai karɓa da sani, sai in ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. Sati uku jim kaɗan ne. Saboda haka bayanin ƙaninka shi ne komai: a wace kasuwa, ran wace kasuwa, ta hannun wane dillali, nawa ya biya, wa ya shaida, ina rasit. Kotu tana duban farashi ƙwarai. San da ya kai dubu ɗari takwas aka ba ka a dubu ɗari uku, a bayan kasuwa bayan magariba, ga shaidar wuta sabuwa a kan tsohuwa, ba ka da bakin cewa ba ka sani ba. Wanda ya saya da rana tsaka a cikin kara, a farashin kasuwa, ya biya la'ada da kuɗin shiga, wannan shaida ne a shari'ar, ba wanda ake tuhuma ba. Ya nemo dillalin yau, kada ya jira. A al'adar kasuwannin dabbobi dillali shi ne ya tsaya wa baƙon da ya kawo kaya, kuma shi sarkin kara zai tasa a gaba ya fito da mai sayarwa.

Mallaka kuma hukuncinta ba ya yi wa mai saye daɗi. A fiƙihu, idan mai dabba ya kawo shaidu cewa tasa ce, ya kuma rantse bai sayar ba, bai bayar ba, ba ta fita daga mallakarsa ta kowace fuska ba, zai karɓi abarsa ko a hannun wa take, ba tare da ya biya ko sisi ba. Mai saye sai ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa, shi ma ya koma kan na gabansa, har a kai ga ɓarawon. Huɗar da ƙaninka ya yi da san ba za a bi shi kuɗinta ba tunda ba ƙwace ya yi ba. Dokar ciniki ta 1893 da muka gada ita ma ginshiƙinta shi ne ba ka sayar da abin da ba naka ba. Ta yi sassauci ga wanda ya saya da zuciya ɗaya a buɗaɗɗiyar kasuwa bisa al'adarta, lauyoyi kan kafa hujja da wannan a kotun majistare ko babbar kotu, sai dai ita ma ta ce idan aka kama ɓarawon aka yanke masa hukunci, kaya ya koma ga mai shi na asali. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Amma fa zuwa da 'yan sanda ba shi ne hujja ba. Shi ma mai da'awar sai ya tabbatar. Na taɓa tsayawa a wata shari'a da mutum biyu ke jayayya a kan wata jar saniya. Alƙalin, wani dattijo da ya daɗe a karkara, ya hana a kawo ta harabar kotu, ya sa aka shigo da su ɗaya bayan ɗaya kowa ya siffanta ta. Na farko ya faɗi launi da tsawon ƙaho da yankan kunne, abin da duk wanda ya gan ta a kasuwa zai faɗa. Na biyu ya ce a duba hantsarta, nonon baya na hagu ya mutu tun haihuwarta ta biyu, akwai tabon ƙaya a ƙarƙashin wutsiya, haƙorinta ɗaya na gaba ya guntule. Aka aika masinja da malamin dabbobi suka duba, haka ne. Da aka fita wurinta ya tsaya daga nesa ya kira ta da sunan da yake kiranta, ta ɗaga kai ta yi kuka tana jan igiya. Alƙalin bai yanke hukunci da wannan kaɗai ba, alama ce mai ƙarfafa shaida, sai da mutum biyu daga rugarsu suka shaida ya kuma yi rantsuwa. Ƙaninka yana da haƙƙin ya nemi a bi irin wannan mataki, ya kuma tambaya ko mai da'awar ya taɓa kai rahoton satar kafin ranar da ya ga san.

Sai a kula da san kansa. Dabba ba babur ba ce da za a jingine a bayan ofis. Na ga shanun shaida ɗaure a gindin dalbejiya, haƙarƙari a waje, ana ɗage shari'a wata bayan wata, har wanda ya yi nasara ya tashi da fata. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ba da damar a saki kaya ga mai shi ko mai haƙƙi a kansa bisa takardar lamuni kafin a gama shari'a. A nemi haka da wuri, a ɗauki hotunan san ta kowane ɓangare, a damƙa shi ga wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da sharaɗin ba sayarwa ba yanka. Dokar nan kuma ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum a kan rigimar da ta ciniki ce zalla. Idan 'yan sanda sun ce za su tsare ka don ƙaninka ba ya nan, ba su da wannan hurumin.

Game da hukuncin ɓarawon kansa, ya danganta da yadda aka yi satar da jihar da aka yi ta. A kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci da jihohi suka kafa daga shekarar 2000, haddin yanke hannu yana buƙatar nisabi, wato abin da aka sata ya kai ƙimar da shari'a ta ƙayyade, da kuma a ɗauke abu daga ma'ajiyarsa. Risala ta ce babu yankewa a dabbobin da ke kiwo sai an sace su daga makwancinsu, don haka wanda ya kore saniya daga daji horo ne a kansa da biya, wanda ya kwance ta daga turke ko garke shi ne ke fuskantar haddi. Hukuncin yanke hannu na farko da aka zartar a Zamfara a watan Maris na 2000, a kan wani mutumin Jangebe, na satar saniya ne. Idan da makami aka zo, an bar babin sata an shiga fashi, wanda dokar fashi da makami ta 1984 ta yanka wa kisa. Da abin ya ta'azzara a dazukan Rugu da Kamuku da Kuyambana, jihar Katsina ta mai da satar shanu laifin kisa a 2019, jihar Neja ma tana da doka ta musamman a kan satar shanu da garkuwa da mutane, a 2021 kuma Zamfara da Katsina da wasu maƙwabtansu suka rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci suka hana safararsu a mota. A ganina tsananin hukunci bai taɓa zama inda gizo ke saƙa ba. Muddin za a loda shanu a tirela ba takardar da ta nuna daga hannun wa suka fito, mahauci ya yanka da asuba ba mai tambayarsa, doka za ta yi ta kama irin ƙaninka tana barin masu garken sata. Duk tsananin nan kuma kotu aka ba shi, ba 'yan sa-kai ko taron kasuwa ba. Wanda ya kashe wanda ake zargi da satar dabba, tuhumar kisan kai ce a kansa. A tuna kuma cewa makiyaya su ne suka fi kowa asarar shanu a hannun ɓarayi, ganin Bafulatani da saniya ba hujjar komai ba ce.

Abin da na faɗa ya tsaya ne a kan jihohin da ke bin Final Kod da kotunan shari'a, kuma a kan labarin kamar yadda ka ba ni shi, ta bakin ɓangare ɗaya. Da a Binuwai ne, lissafin daban ne: dokar hana kiwon sake ta 2017 ta ba jami'an jihar ikon kama dabbar da ke yawo, a ci mai ita tara, in kwana 7 suka wuce bai zo ba a yi gwanjonta, a 2022 kuma aka ƙara tarar. Da mai karsanar zai fito daga tsallaken iyaka, Nijar tana da dokar makiyaya ta 2010 da wuraren tsare ɓatattun dabbobi a hannun hukumomin gari, kuma kafin Nijar ta fita daga ECOWAS a 2025, tsarin ƙungiyar na 1998 ya buƙaci makiyayin da ya shigo ya riƙe takardar ƙetare iyaka mai nuna yawan dabbobinsa da allurarsu; in yana da irinta, za ta taimaka masa wajen tabbatar da da'awarsa. Maganar karsana kai da dagaci da alƙali kun isa ku gama ta. Ta ƙaninka kuwa, idan har an rubuta masa tuhuma a ƙarƙashin sashe na 317 ko makamancinsa, ya nemi lauyan da zai ga takardun da idonsa kafin ya sake ba da wani jawabi, in babu hali ya je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya da ke Dutse.